Zafi Babu Laima, Laima Babu Zafi: Makomar Leda Mai Ruɓewa a Yankin Kurgu da Iyakar Bagudo da Benin

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da ke samun ledar da ake kira mai ruɓewa idan ta faɗa kan tudu, ko fadama, ko ruwan Kogin Kwara, a yankin Kurgu na ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. An bi hanyar bitar gwaje-gwajen da masana suka wallafa tsakanin 2017 da 2021, sannan aka auna sharuɗɗansu da yanayin ƙasar Bagudo. Maƙalar ta gano cewa zafi da laima da iska, waɗanda ruɓewar roba ke bukatarsu a tare, ba kasafai suke haɗuwa a lokaci guda a wannan yanki ba. Don haka rubutun da ke jikin leda bai isa hujja ba a kan cewa za ta ruɓe a inda aka yar da ita.

Gabatarwa

Bagudo tana gaɓar Kogin Kwara, kusa da inda ya shigo Nijeriya bayan ya raba Benin da Nijar a tsakanin Malanbil da Gaya. Ta Lolo da Tsamiya ake tsallakawa Benin, kuma Segbana ba ta da nisa daga Tsamiya. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa suna cin kasuwannin juna a ɓangarorin biyu, kuma kusan duk abin da aka saya, daga tumatir zuwa busasshen kifi, a leda ake ƙulle shi.

Dokar leda kuwa ta bambanta a kowane tsallake. A ranar 26 ga Disamba, 2017, Benin ta kafa doka mai lamba 2017-39, wadda ta haramta ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ledar da ba ta ruɓewa. Nijar ta riga ta, da doka mai lamba 2014-63 ta watan Nuwamba, 2014. A Nijeriya, Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana leda a 2019, amma bai zama doka ba. A 2020 kuma aka fito da manufar ƙasa ta kula da sharar roba. Ke nan dokar Benin ta bar ƙofa a buɗe ga leda mai ruɓewa, ta kuma ɗora nauyinta kacokan a kan kalma ɗaya. Tambayar da ta dace da manomin Kurgu ita ce: a ina za ta ruɓe, kuma cikin wata nawa?

Yadda Roba ke Ruɓewa

Roba doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ke maimaita kansu, kamar ƙwayoyin carbi a zare. Bakteriya da funfuna ba sa iya haɗiye carbin gaba ɗaya, sai an tsittsinka shi. Matakin farko ke nan: hasken rana, ko ruwa, ko sinadaran narkarwa da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, su yanke sarƙar. A mataki na biyu ƙwayoyin su shigar da guntayen cikin jikinsu, su mai da wani kaso iskar kabon da ruwa, su gina jikinsu da sauran. Sai an kai mataki na biyu ake cewa roba ta ruɓe. Idan aka tsaya a na farko, an sami ɓurɓushi ne kawai wanda ido ba ya gani.

Baƙar ledar kasuwa da ledar fiyawata, foliyetilin ne. Sarƙarsa kabon ne riƙe da kabon, babu gaɓar da ruwa zai kama ya tsinka. Robobin da ake kira masu ruɓewa kuwa yawancinsu suna da gaɓoɓin esta, waɗanda ruwa ke iya ɓallawa. Uku ne suka fi shahara. PLA ana yin sa daga sitacin masara ko rake. PBAT daga man fetur ake samun sa, kamfanin BASF na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1998, kuma shi ake yawan gaurayawa da sitaci a yi jakar cefane. PHB kuwa bakteriya ne da kansu ke tara shi a jikinsu a matsayin guzuri, abin da Maurice Lemoigne na Faransa ya gano tun wajejen 1926. Wannan asali ya sa ƙwayoyin da suka iya cin PHB suke ko'ina, a ƙasa da ruwa.

Akwai na huɗu, wanda shi ya fi tayar da hankali. Shi ne foliyetilin ɗin da aka zuba wa gishirin ƙarafa irin su kobal da manganis, don rana ta yi saurin farfasa shi. Ana kiran sa okso, ana kuma buga masa tambarin ruɓewa. Tarayyar Turai ta haramta shi da umarni mai lamba 2019/904, wanda haramcinsa ya fara aiki a watan Yuli, 2021, domin babu tabbacin yana wuce matakin ɓurɓushi. A hannun mai saye ba a iya bambanta shi da sauran.

Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

Ma'aunin da aka fi dogara da shi wajen buga tambari shi ne EN 13432 na Turai. Sharaɗinsa shi ne kashi 90 cikin 100 na kabon ɗin robar ya koma iska cikin wata 6, kuma robar ta wargaje cikin mako 12. Amma ana gwajin ne a yanayin masana'antar taki, a zafin digiri 58 na ma'aunin Salshiyos, da laima da iska da ake daidaitawa kullum. Ledar da ta ci wannan jarrabawa ta tabbatar da abu ɗaya tak: za ta ruɓe a masana'antar taki.

Imogen Napper da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth ta Ingila sun fitar da jakunkuna daga ɗakin gwaji, suka bar su a sarari, da cikin ƙasa, da cikin teku, na tsawon shekara 3, suka wallafa sakamakon a 2019. Duk jakar da aka bari a sarari ta farfashe cikin wata 9. Jakar da aka yi domin taki ta ɓace a teku cikin wata 3, amma wadda aka binne tana nan bayan wata 27, sai dai ta daina ɗaukar nauyi. Mai tambarin ruɓewa da ta okso kuwa, bayan shekara 3 a ƙasa ko a ruwa, an zuba musu kayan cefane sun ɗauka.

A ruwan da ba na gishiri ba, wanda shi ne ya shafi Kwara, aikin Bagheri da abokan aikinsa na Jami'ar Bayreuth ta Jamus (2017) ya fi kusa. Sun jiƙa robobi iri-iri na tsawon shekara 1 a zafin digiri 25. PLA da PBAT ba su nuna ruɓewar a zo a gani ba, PHB ma bai rasa ko kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba. Narancic da abokan aikinsa a Dublin (2018) sun gwada robobi da gauraye-gaurayensu a muhallai 7, suka tarar PHB da robar sitaci ne kaɗai suka cika sharaɗi a ƙasa da ruwa duka.

Ba duka labarin ne marar daɗi ba. Zumstein da abokan aikinsa a Zurik ta Suwizalan (2018) sun yi wa kabon ɗin PBAT alama, suka binne shi a ƙasar noma na mako 6, suka bi sawun alamar har cikin iskar da ƙasar ke fitarwa da jikin ƙwayoyin da suka ci shi. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa PBAT yana kaiwa mataki na biyu, matuƙar ƙasar tana da danshi da iska.

Tudu

A nan ne yanayin Bagudo ya shigo. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ruwan sama ba ya sauka. A Maris da Afrilu zafin iska kan haura digiri 40, fuskar rairayi da tsakar rana kuma ta fi haka nesa. Wani zai ce, to ai ga zafin da PLA ke nema, tunda jikinsa yana sakewa ne a wajejen digiri 55 zuwa 60. Sai dai aikin zafi shi ne buɗe wa ruwa hanya ya shiga ya tsinka gaɓoɓin esta, ruwan kuma babu shi. Ƙwayoyin ƙasa ma a wannan lokaci kwance suke, suna jiran damina. Rana ce kaɗai ke aiki, aikinta kuwa farfasawa ne. Iskar hunturu da guguwar bazara su kwashe guntayen su watsa a gonaki, su rataye wasu a ƙaya.

Rana tana da wata illa ga PBAT musamman. Haskenta kan sa sarƙoƙinsa su harɗe da juna, abin da ke wahalar da sinadaran narkarwa daga baya. Ledar da ta kwana wata biyar a rana kafin ruwan fari ba daidai take da sabuwar da aka binne a ɗakin gwaji ba.

Da damina ta kankama, daga Yuni zuwa Satumba, laima ta samu, ƙwayoyi sun farka, amma zafin ƙasa ya sauka ƙasa da abin da PLA ke bukata. PBAT da gaurayen sitaci ne za su amfana, su ma na 'yan watanni. Ma'aunin Turai na ledar shimfiɗar gona, EN 17033, ya ba da har wata 24 a ƙasa mai danshi marar yankewa. Idan ƙasar tudu tana da danshi na wata huɗu ko biyar ne a shekara, lissafi ya nuna wata 24 ɗin nan za su iya cin damina biyar ko shida. Wannan ƙiyasin marubuci ne daga sharaɗin ma'aunin, amma ya isa ya nuna girman tazarar.

Fadama da Kogi

Fadamar Kwara ita ce arzikin Bagudo, shinkafa damina da rani. Da an cika kwami da ruwa, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwayoyin ƙasa ke cinye iskar shaƙar da ke cikin laka. A irin wannan laka PBAT yana jinkiri ƙwarai, PLA kuma sai da zafi mai yawa yake motsi. PHB da sitaci suna ruɓewa, amma suna fitar da iskar mitan, wadda gonakin shinkafa dama suke fitarwa.

Kogin kansa yana cika sau biyu a shekara: cikar damina mai laka, sai kuma ta lokacin sanyi, wadda ruwan tsaunukan Gini ke kawowa bayan ya yi watanni a hanya. Kowace cika tana share gaɓa, ta ɗauki abin da kasuwa ta zubar ta nufi Yawuri da tafkin Kainji, wanda aka datse a 1968. A ƙasan tafki babu rana, iska kaɗan ce, zafi kuma bai kai ba. Binciken Schmidt da abokan aikinsa (2017) ya sa Kwara cikin koguna 10 da suka fi kai roba teku. Ƙididdigar da ta biyo baya a 2021 ta rarraba laifin a kan koguna fiye da 1,000, amma masuncin da ke ciro leda a komarsa bai bukaci a daidaita wannan muhawara ba.

Tumbin Dabba

Akwai muhalli na huɗu da ma'aunan Turai ba su yi tanadinsa ba. Da rani, idan ciyawa ta ƙare, shanu da tumaki da awaki suna kiwo a juji, suna haɗiyar ledar da ke ɗauke da gishiri ko mai. Mahauta sun san dunƙulen da suke cirowa daga tumbi, likitocin dabbobi a Sakkwato da Maiduguri kuma sun daɗe suna rubutu a kai. Dabbar tana ramewa alhali cikinta a kumbure. A 2021 Quartinello da abokan aikinta a Ostiriya sun nuna cewa ruwan tumbin saniya na iya tsinka PBAT a ɗakin gwaji. Sakamako ne mai ban sha'awa, amma kuskure ne babba a gaya wa makiyayin Bagudo cewa ledar ta zama abinci. An yi gwajin ne da gari da siraran fatu na 'yan kwanaki, kuma tsinkewar gaɓa ba ta nufin dunƙulen leda zai narke kafin ya toshe ciki.

Abin da Ya Kamata a Auna

Jami'in da ke Tsamiya ko Segbana ba shi da abin dubawa sai rubutun jikin kaya. Don haka ya kamata dokokin ƙasashen uku su fayyace sunan sinadari da muhallin da aka gwada shi, su kuma cire okso daga jerin masu ruɓewa kamar yadda Turai ta yi. Ledar da sai a masana'antar taki take ruɓewa ba ta da amfani ga garin da shararsa ke ƙarewa a juji ko kwata. Ga wannan yanki, PHB da robar sitaci ne suka cancanci a kashe musu kuɗin bincike, musamman ganin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo. Kwando da faifai da jakar kaba kuwa ba su taɓa bukatar tambari ba, kuma har yanzu akwai masu saƙa su.

Gwajin da zai amfani Kurgu ba mai tsada ba ne, kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Kimiyya da Fasaha ta Aliero za su iya ɗaukar sa. A binne samfura a tudu, da kwamin shinkafa, da gaɓar kogi, cikin raga mai ƙananan idanu don kada gara ko ruwa su tafi da guntaye a ɗauka ruɓewa ce. A fara rukuni ɗaya a Nuwamba, wani a Yuni, don a ga tasirin watannin rana. Raguwar nauyi kaɗai ba ta wadatar ba. Dole a ɗebi ƙasar wurin a auna iskar kabon da take fitarwa a ɗakin gwaji, a kuma tace ta a ƙirga ɓurɓushin da ya rage. Kowane rami a sa masa takardar tacewa ta auduga a matsayin ma'auni, da guntun baƙar ledar kasuwa, kuma kada a rufe gwajin kafin ya ga damina uku.