Launin zoɓo: sinadarin da ke ba shi ja da dalilin koɗewarsa

Zoɓo, ko zoɓorodo, shi ne ɓawon nan mai kauri da ke lulluɓe ƙwallon 'ya'yan yakuwa bayan fure ya kaɗe. A ƙauyukan Rano da Kibiya, kamar sauran kudancin Kano, akan shuka yakuwa a gefen gonar dawa ko ta gyaɗa. Da kaka a ɓare zoɓon a shanya, mai yawa kuma ya nufi kasuwar Dawanau, inda ake sayensa a fitar da shi har ƙasar Meziko. Launi shi ne abin da mai saye yake fara dubawa, shi ne kuma yake yanke farashi.

Jan zoɓo ya samo asali ne daga wasu sinadarai da ake kira antosayanin, sunan da wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Ludwig Marquart, ya raɗa musu a 1835. Iri biyu suka fi yawa a zoɓo, delfinidin da sayanidin, kowanne haɗe da sukari. Danginsu ne ke rina fatar baƙin inabi, kuma an daɗe ana nazarin tsufansu a jar giyar inabi ta Turai: sabuwa ja ce mai ratsin shunayya, tsohuwa kuwa takan koma launin jan bulo, domin sinadaran suna haɗewa da tanin, sinadarin da ke sa bauri, su zama wasu daban.

Antosayanin ba ya jure wahala. Zafi da hasken rana da iska da laima duk suna rushe shi, shi ya sa zoɓon da ya shekara a ɗakin ajiya mai zafi yake komawa ruwan ƙasa. Tsami ne gatansa. Muddin ruwan yana da tsami, jan yana nan. Da zarar an ɗiga ruwan kanwa ko na toka sai ya juye shuɗi-shuɗi, ya zarce kore-kore. Matan da ke sarrafa zoɓo sun san wannan tun kafin a gina ɗakin gwaji.

A kan wannan hali masana suka gina awonsu. Sukan raba ruwan zoɓo gida biyu, ɗaya a kai ma'aunin tsaminsa 1.0, ɗayan 4.5, sannan a haska musu haske mai tsawon zango nanomita 520 a auna yawan wanda kowanne ya shanye. Lafiyayyen antosayanin yakan dushe a 4.5, wanda ya riga ya lalace kuwa ba ya sauyawa, don haka tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ce ke nuna ƙarfin kayan. Mai shakkar ko an zuba wa zoɓon sha kalar kanti yana iya gwada ɗan kaɗan da kanwa, domin akasarin irin wannan kala ba ta juyewa.

Akwai ɗan'uwan wannan sinadari da ya fi shi ƙarko, wato afijeninidin, wanda ke cikin karan dafi, dawar nan da ake nomawa don rina fatar akuya ja. Ɗan bambancin da ke cikin ƙirarsa ya sa ya fi jure zafi da sauyin tsami.

Ga mai ajiye zoɓo, a shanya shi a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, a bari ya bushe ƙamas kafin a ɗura a buhu, a jera buhunan bisa katako a ɗaki mai duhu da iska ke ratsawa.