Sayen adireshin .africa a ajiye: akwai riba kuwa?

Wasu matasa na tambaya ko su sayi adireshin intanet masu ƙarewa da .africa su ajiye har su yi tsada. To, mu leƙa Turai tukuna.

A Afrilun 2006 aka buɗe .eu ga kowa. Rububi aka yi kamar ana rabon taki, kowa na kwasar sunaye don ya sayar da riba. A shekarar, EURid mai kula da shi ta dakatar da sunaye 74,000, ta maka dillalai 400 a kotu saboda ɓoye kaya. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai kuma, a Janairun 2021 aka dakatar da adireshin 'yan ƙasar da ba su cika sabon sharaɗi ba. Ka ga siyasa ta cinye jari ke nan.

Shi .africa sai 2017 ya fito. Ni a ganina, mai cinikin da ya kai daga Kano har Accra ya yi wa sunan kamfaninsa rajista, shi ke nan. Amma tara sunaye? Duk shekara sai ka biya kuɗin sabuntawa, masu saye kuwa har yau .com suke fara nema.