Rutland: Gundumar da Ta Ƙi Ɓacewa

Mun saba koya wa ɗalibai tarihin manyan dauloli, har mukan manta cewa ƙaramin wuri ma yana da nasa labarin. Yau bari mu leƙa Rutland, wadda ita ce ƙarama duk cikin tsofaffin gundumomin Ingila.

Tsawonta daga kudu zuwa arewa mil 18 ne, faɗinta kuwa mil 17. Garuruwanta biyu ne kacal, Oakham da Uppingham, saura duk ƙauyuka ne da gonaki da makiyayar tumaki. Kogin Welland ne iyakarta ta kudu. A ƙidayar 2021 mutanenta sun kai wajen 41,000.

A zamanin da, sarakunan Ingila kan ba matansu wannan yanki ya zama rabonsu. A Oakham akwai wani zauren dutse da aka gina tun wajen 1180, inda al'ada ta ɗora wa duk basaraken da ya fara shiga garin ya bar takalmin doki. Sama da 200 ne aka rataye a bangon, mafi tsufa kuwa na Sarki Edward na 4 ne, na wajen 1470.

Sai dai cikin shekarun 1970 masifa biyu suka faɗa wa Rutland. Ta farko, aka datse kogin Gwash don a shayar da biranen gabashin Ingila. Aka tashi ƙauyen Nether Hambleton, ruwa ya shanye gonaki. Cocin Normanton ma da ƙyar jama'a suka cece shi, ta hanyar cike rabinsa na ƙasa da duwatsu. Ta biyu, a 1974 gwamnati ta soke gundumar, ta liƙa ta ga Leicestershire, wai ta yi kaɗan ta tsaya da ƙafarta.

Mutanen ba su haƙura ba. Suka ci gaba da rubuta Rutland a adireshin wasiƙunsu, suna ta kai kuka, har ran 1 ga Afrilu 1997 aka mayar musu da majalisarsu. Shekara 23 ke nan.

Abin lura a nan shi ne, sunan da aka goge da alƙalami ya dawo, domin masu shi ba su daina kiransa ba. Amma Nether Hambleton na nan ƙarƙashin ruwa, ba ta da ranar dawowa.