Allo, Waƙe Da Na'ura: Tarihin Koyon Baƙon Harshe A Gwandu

A yau idan aka ce kayan koyar da baƙon harshe, hankalinmu kan tafi ga kwamfuta da wayar hannu. Masana a Turai da Amurka sun buɗe mujallu na musamman a kan wannan fanni, kamar CALICO Journal da aka fara a 1983, da Language Learning & Technology wadda ta fito a intanet a 1997. Sai dai tambayar da suke ta juyawa, wato yadda mutum zai mallaki harshen da bai sha a nono ba, tsohuwar tambaya ce a ƙasar Gwandu.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Bafulatani ne mai jin Hausa, Larabci kuwa koyonsa ya yi, bai kuma taɓa taka ƙasar Larabawa ba. Duk da haka ya bar tafsirin Liya'ut Ta'awili da waƙoƙin da ya tattara cikin Tazyinul Waraƙati a 1813, kafin ya rasu a Gwandu a 1829, Allah ya jiƙansa. To, da waɗanne kaya ya kai ga wannan matsayi?

Na farko dai allo ne da tawadar gawayi da ƙaro. Kada mu raina shi. Takarda a wancan zamani daga Italiya ake kawo ta, ta ratso Tarabulus da hamada a bayan raƙuma, galibi mai tambarin jinjirin wata uku, saboda haka ba abin da za a bai wa yaro ya ɓata ba ce. Allo kuwa a rubuta, a haddace, a wanke, a sake. Ke nan almajiri ba ya ƙara gaba sai abin da ke kan allon ya koma ƙirjinsa.

Amma babbar dabarar ita ce waƙe. A cikin Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta, za mu ga Ajurumiyya da Mulha da Alfiyyar Ibnu Malik, da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya, da Ishiriniya. Yawancinsu waƙaƙƙu ne, domin karin waƙa shi ke riƙe ƙa'ida a ka, idan kalma ta faɗi kunne zai ji gurbinta. Da ya zama malami shi ma wannan hanya ya bi: ya tsara Hisnur Rasin a kan sarfu, kimanin baiti 1,000, da Baharul Muhiɗ a kan nahawu, mai baitoci dubbai. Mu da ke fama da ƙafiya da ma'auni a waƙoƙinmu mun san ba ƙaramin aiki ba ne a cusa dokar fi'ili cikin baiti ba tare da ta karye ba. A zaure kuwa, ɗalibi kan ja Larabcin gaɓa gaɓa, malam yana mayar masa da Hausa ko Fulatanci, wani lokaci a rubuta ma'anar da ajami a tsakanin layuka. Hanyar tana da rauninta, tilas mu faɗa: takan fitar da gwanin karatu da rubutu wanda bakinsa ke nauyi wajen hira da Balarabe.

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo wani baƙon harshen da nasa kayan. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka shigo da baƙin allo da alli da littafin ɗab'i, daga baya rediyo da kaset suka biyo. Abin da waɗannan suka ƙara shi ne murya, wato ɗalibi ya ji mai harshen da kunnensa. Don cike wannan giɓi ne ma gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala ta Borno a 1992.

Wajen nazari da wallafa ne zancen ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mervyn Hiskett ne ya buga Ida'un Nusukhi da fassarar Ingilishi a wata mujallar Jami'ar Landan a 1957, sannan Tazyinul Waraƙati a Ibadan a 1963. John Hunwick ya jera ayyukan malamin cikin kundinsa da aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1995. Aiki ne nagari, amma da Ingilishi yake, a ɗakunan karatu masu nisa, alhali malaman zaure da ke karantar da littattafan ba da su ake zancen ba. Kofen hannu kuwa da yawa suna cikin gafaka a gidaje, gara da damina suna rage su.

Tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ɗalibin da ke can zai iya sauko da mujallun Amurka a wayarsa cikin ɗan lokaci, hubbaren Malam Abdullahi kuwa da zaurukan Gwandu tafiyar yini guda ba ta kai ba daga ƙofar makarantarsa.