Hukuncin Mai Kisankai da Sakinsa a Ƙasarmu, Jiya da Yau

Sau da yawa in ana zaune ana hira a ƙofar gida, aka ji labarin an saki wani wanda ya yi kisankai tun wa'adinsa bai cika ba, sai gardama ta kaure. Wannan ya ce an ci amanar mamaci, wancan ya ce ai mutumin ya tuba, Allah ma yana karɓar tuba. Kowa ya faɗi tasa a watse, ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi har al'amarin ya kawo haka. Gardamar nan kuwa ta girmi dukan masu yinta. An yi ta a majalisun sarakuna, an yi ta a Ikko, an yi ta a Kaduna. Ina so in ɗauko muku tarihinta daga tushe, don wanda zai yi magana nan gaba ya san inda ya taka.

Kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasashen nan da ke ƙarƙashin Sakkwato, da na Barno, da mazhabar Imamu Malik su ke hukunci. Littattafan da su ke dubawa su ne irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu. A cikinsu an raba kisa. Akwai na kuskure, kamar maharbin da ya auna barewa kibiyarsa ta sami mutum. Wannan ba a kashe shi, sai danginsa na wajen uba su haɗu su biya diyya, watau raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Akwai kuma na ganganci, wanda hukuncinsa ƙisasi ne, rai a bakin rai. Amma fa ƙisasin nan haƙƙin magadan mamaci ne, watau waliyyan jini, kamar yadda aka bayyana cikin Suratul Baƙara. In sun ce a kashe, sai a kashe. In sun yafe, ko da karɓar diyya ko don Allah kawai, takobi ya koma kube. Ko ɗa guda ne daga cikin 'ya'yan mamaci ya yafe, kisa ya faɗi, sauran sai su karɓi rabonsu na diyya.

To, wanda aka yafe wa fa, sai ya kaɗe rigarsa ya tafi gida? A'a. Malikawa suka ce hukuma na da nata haƙƙi, don haka sai a yi masa bulala 100, a ɗaure shi shekara guda, kana a sake shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana ta shekara guda, gama za mu komo kanta. Sai iri na uku, kisan gilla, watau a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi, galibi don a ɗauke dukiyarsa. Wannan kam ko magada sun yafe ba a sauraronsu, domin ɓarna ce a bayan ƙasa, sarki ne mai hukuncinta.

Saboda haka a zamanin nan ba a san ɗaurin shekara 15 ko 20 a kan kisankai ba. Gidan yari wurin tsare mutum ne kafin a gama shari'arsa, ko mai taurin bashi, ko wanda sarki ya yi fushi da shi. Mai kisa kuwa, ko dai a miƙa shi ga hauni, ko kuwa ya sha bulalarsa ya cika shekararsa ya fita. Kada wani ya ce ina yabon kurkukun da. Wanda ya karanta abin da aka rubuta game da gidan yarin Kano lokacin da Turawa suka shiga birnin cikin 1903, ya san wuri ne na ƙunci da duhu, wanda mutane su ke mutuwa a ciki don matsi. Abin da na ke nufi kawai shi ne, mabuɗin ran mai kisan ganganci a hannun dangin mamaci ya ke.

Da Gwamna Lugga ya ci ƙasar, sai ya bar alƙalai da sarakuna bisa shari'arsu, amma ya gindaya sharuɗɗa. Ya hana yanke hannu da sauran horon da ke ɓata jiki. Manyan sarakuna aka bar musu ikon yanke hukuncin kisa a majalisunsu, sai dai ba a zartarwa sai Razdan ya duba takardun shari'ar, an aika wa Gwamna ya sa hannu. Gwamna kuwa yana da iko ya mai da kisan ɗauri. Tun daga ran nan mabuɗi ya zama biyu, ɗaya a hannun magada, ɗaya a hannun Gwamna. Ban da wannan, Turawa suka kafa nasu kundin dokokin laifi a Arewa cikin 1904, aka shimfiɗa shi ga Nijeriya duka cikin 1916. Sai ya zama ƙasa ɗaya, doka biyu, kowace da kotunanta.

Dokokin nan biyu sun saɓa a wurare da dama, amma inda suka fi yin karo shi ne batun tsokana. A dokar Turawa, in aka tsokani mutum tsokana mai tsanani, ya yi kisa nan take cikin zafin zuciya tun hankalinsa bai komo ba, ba a rataye shi, sai ɗauri. A wurin Malikawa kuwa, wanda ya ɗaga hannu da nufin cuta, ko da sanda ne, har rai ya fita, ganganci ne, fushi ba ya zama hanzari. Ta wancan gefen kuma, wanda ya shirya kisa da sanyin zuciya dokar Turawa rataye shi za ta yi ko da dangin mamaci sun durƙusa suna roƙo, alhali a gaban alƙali afuwarsu ta isa ta cece shi. Ka ga mutum biyu masu laifi iri ɗaya, wannan ya rayu wancan ya mutu, don kawai kotun da aka kai kowa dabam ce.

An daɗe ana lallaɓa abin, har ya fashe cikin 1947 a kan shari'ar wani mutum da aka rubuta sunansa Tsofo Gubba, a ƙasar Gwandu. Ya kashe kwarton matarsa, majalisar Sarkin Gwandu ta same shi da kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa. Aka ɗaukaka ƙara har Babbar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. Alƙalanta suka ce da a dokar Turawa aka yi shari'ar, tsokana za ta sauko da laifin daga na rataya zuwa na ɗauri, kuma laifin da ke rubuce cikin kundi ba a hukunta shi da wata doka dabam. Suka soke hukuncin. Sarakuna da malamai suka ji zafin abin ƙwarai, don a ganinsu an tsige wa Shari'a fiffike ke nan. Gwamnati ta yi ta gyaran dokar kotunan En'e, cikin 1948 da 1951, ana ɗinke nan can na ɓarkewa. Cikin 1957 kuma, a shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce alƙali na iya bin Shari'a wajen gano laifi, amma kada horonsa ya wuce wanda kundin Turawa ya yanka wa irin wannan aiki.

Lokacin nan mulkin kai ya ƙarato, ba shi yiwuwa a shige shi da wannan ruɗani. Sai gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kira kwamitin masana cikin 1958. Shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, sa'an nan daga gida akwai Shettima Kashim Wazirin Barno, da Mista Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida. Bisa shawararsu aka tsara sabon kundi wanda aka kwaikwayo daga na Sudan, shi kuwa na Sudan asalinsa na Indiya ne na 1860. Majalisar Kaduna ta amince da shi cikin 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a karɓi mulki. Shi ne mutane su ke kira Final Kot.

A nan ne waliyyan jini suka rasa mabuɗinsu. A sabon kundi kisa laifi ne ga hukuma, ita ke ƙara, ita ke hukunci, ita ke jinƙai. Amma waɗanda suka tsara abin ba su manta da magada ɗungum ba. Cikin dokar tafiyar da shari'a da aka kafa tare da kundin, an ce kotun En'e, kafin ta yanke hukuncin kisa, ta kira dangin mamaci in ana iya samunsu, ta tambaye su ko suna so a zartar, ta rubuta amsarsu cikin littafin shari'a, don masu ba da shawara kan jinƙai su gani. Ikon yanke magana ya fita hannunsu, amma an bar musu bakin faɗa. A ganina wannan ɗan layi yana cikin mafi hikimar abin da aka rubuta a shekarun nan, ko da ya ke kaɗan ne su ke tunawa da shi. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta rushe kotunan sarakuna, ta karɓe kotuna daga hannun En'e, gidajen yarin En'e kuma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Shi kuwa sakin talala, watau a saki ɗaurarre tun bai cika wa'adi ba bisa sharaɗin in ya karkace a komo da shi, baƙo ne da ya zo daga nesa. Cikin 1840 aka ba wani Kyaftin Alexander Maconochie riƙon kurkukun tsibirin Nofok, can gabas da Ostareliya, inda Ingilishi su ke zubar da ɗaurarrun da suka gagara. Shi ya fito da dabarar ba fursuna maki bisa aikinsa da halinsa, in makin ya taru a sassauta masa mataki mataki har a sake shi. Cikin 1844 aka cire shi, don manyansa sun ga ya cika sassauci, amma dabarar ba ta mutu ba. Ingila ta fara ba ɗaurarrunta takardar izinin fita cikin 1853. Da ta daina rataye masu kisankai cikin 1965, sai hukuncinsu ya zama ɗaurin rai da rai, wanda in an saki mutum ma igiyar na ƙafarsa har ya mutu, ana iya jawo shi ko yaushe.

Mu a nan abin da aka daɗe da sani shi ne rangwamen sulusi ga fursuna mai ladabi, da kuma jinƙan shugabanni, wanda tsarin mulki na 1999 ya ba Shugaban Ƙasa a sashe na 175, ya ba gwamnoni a sashe na 212. Daga shekarar 2000 Zamfara da waɗansu jihohi 11 suka komo da ƙisasi da diyya a kotunan Shari'a, afuwar magada ta sake samun gindi a can. Sa'an nan cikin 2015 Tarayya ta kafa dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka, wadda sashenta na 468 ya ce wanda aka ɗaure shekara 15 ko fiye, ko rai da rai, in shugaban gidajen yari ya shaida halinsa ya gyaru, ya kuma ci sulusin wa'adinsa, kotu na iya dakatar da sauran bayan ta saurari mai gabatar da ƙara da shi fursunan. Mai shekara 15 ke nan yana iya fita bayan 5. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ƙara da cewa wanda aka yanke wa kisa, ya ƙare ɗaukaka ƙara, ya shekara 10 ba a zartar ba, Babban Joji na iya mai da hukuncinsa rai da rai. Cikin Oktoba 2025, da aka fito da sunayen mutum 175 da Shugaban Ƙasa zai yi wa jinƙai, har da waɗanda suka yi kisa, jama'a suka yi ca, kafin wata ya ƙare aka sake tace sunayen.

Yanzu mu koma ga shekara gudan nan da na ce a riƙe. Masu cewa sakin mai kisa da wuri bidi'ar Turawa ce, tarihi bai goyi bayansu ba, gama alƙalanmu na da sun saki mai kisan ganganci bayan wata 12, abin da ba wata dokar talala da ta kai shi sauri. Amma sun sake shi ne bayan waɗanda aka zubar wa jini sun buɗe baki sun ce sun yafe, a gaban shaidu. In ya komo gari, ya komo cikin mutanen da suka riga suka sauke gaba. Wanda aka saki da takarda daga ofis kuwa, ran da uwar mamaci za ta fara sanin labari, watakila a kasuwa ne za ta yi kiciɓis da shi. Daga irin wannan ne ramuwar gayya ke tsirowa.

Ni dai ra'ayina, wanda ya yi kisa cikin fushi ko faɗa, ya daɗe a ɗaure, ma'aikatan gidan yari suka shaida ya natsu, ban ga laifin a duba sakinsa ba. Mai kisan gilla kuwa, wanda ya yi kwanto ko ya yaudara don kuɗi, malaman da ma ba su ba kowa ikon yafe masa ba, ban ga dalilin da za a gajarta masa ba. Na san afuwar magada ita ma tana da nata aibi. Mai kuɗi na iya sayenta, matalauci a matsa masa har ya yafe ba da son ransa ba, in kuwa kisan cikin gida ɗaya ne, masu yafewar su ne dangin mai laifin. Don haka ban ce a mayar musu da mabuɗi su kaɗai ba. Amma a kira su, a tambaye su, a rubuta abin da suka ce, kamar yadda aka tsara cikin 1960, kana alƙali ya auna. Sashe na 468 ya ambaci mai gabatar da ƙara, ya ambaci fursuna da lauyansa, bai ambaci magadan mamaci ba.