Sensar Oksijin Mai Faɗin Zango

Sensar oksijin mai faɗin zango wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin bututun salansa domin auna hayaƙin da inji ke fitarwa. Daga wannan awo ake gane ko man da ke shiga inji ya yi daidai da iskar da ake cakuɗa shi da ita, ko ya yi yawa, ko ya gaza. Masu saita injuna na kiranta waidban. Sensar da akasarin tsofaffin motoci ke zuwa da ita daga kamfani tana nuna ɓangaren da cakuɗar ta karkata ne kawai. Wannan kuwa tana faɗin iya nisan karkatar da lamba, shi ya sa duk mai son ya ƙara wa inji ƙarfi, ko ya sa masa turbo, ko ya sauya masa irin man da yake sha, ba shi da makawa sai ya nemo ta.

Asali

Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ne ya ƙirƙiro sensar oksijin ta mota, kuma kamfanin Volvo na Suwidin ya fara sa ta a motocinsa ƙirar 240 da 260 a shekarar 1976, saboda tsauraran dokokin hayaƙi na jihar Kalifoniya a Amurka. Waccan ta farko mai ƙuntataccen zango ce. Mai faɗin zango ta bayyana a kasuwa ne a farkon shekarun 1990, kuma ɗaya daga cikin motocin da suka fara amfani da ita ita ce Honda Civic VX ta 1992, wadda aka ƙera don ta riƙa tafiya da mai kaɗan ƙwarai, da sensar kamfanin NTK na Japan. A yau samfurin Bosch mai suna LSU 4.9 ne ya fi yawa a hannun masu saiti, bayan ya gaji LSU 4.2.

Lissafin iska da mai

Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, ba tare da ragowar mai ko ragowar oksijin ba, kowane giram ɗaya na buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Wannan daidaito shi ake kira lamda 1. Idan lambar ta yi ƙasa da 1, mai ya yi yawa. Idan ta haura 1, iska ta rinjaya. Matatar hayaƙi, wadda makanikai a Najeriya ke kira indomi saboda kamannin cikinta, ba ta tsabtace hayaƙi yadda ya kamata sai cakuɗar na dab da lamda 1. Don haka aikin sensar kamfani bai wuce tsare inji a wannan wuri guda ba.

Ita sensar kamfanin an yi ta ne da wani irin tangaran na zakoniya da aka shafe da falatinam ciki da waje. Idan ta ɗau zafi, daga wajen digiri 350 a ma'aunin salshiyas, bambancin oksijin da ke tsakanin hayaƙi da iskar waje kan sa ta fitar da 'yar wuta: kimanin bolt 0.9 in mai ya yi yawa, bolt 0.1 in ya gaza, sai 0.45 a tsakiya. Matsalar ita ce tsallen daga 0.1 zuwa 0.9 yana faruwa ne a ɗan taƙi kaɗan kewaye da 14.7. Da zarar an fita daga nan, alƙaluman sun daskare. Cakuɗar 13 da ta 11 duk kusan abu ɗaya za ta nuna, alhali a tsakaninsu akwai bambancin injin da ke aiki lafiya da wanda ke ɓarnar mai yana tara baƙi a fulogi. Ita makunni ce, ba ma'auni ba. Shi ya sa idan direba ya taka totur har ƙasa, kwamfutar mota kan daina sauraronta, ta koma bin jadawalin mai da aka rubuta mata tun daga kamfani. To a daidai wannan lokaci ne mai saiti ya fi buƙatar sanin gaskiyar abin da ke faruwa a cikin silinda.

Yadda mai faɗin zango ke aiki

A cikinta akwai sassa biyu na zakoniya, da wani ɗan mitsitsin ɗaki a tsakaninsu wanda hayaƙi ke shiga ta wata ƙaramar kafa. Sashe na farko irin na tsohuwar sensa ne, yana duba ko hayaƙin da ke ɗakin ya yi daidai da lamda 1. Na biyu famfo ne: idan aka tura masa wuta, yana janye oksijin daga ɗakin ko ya tura shi ciki, gwargwadon inda wutar ta nufa. Wata na'urar sarrafawa ce ke ta ƙara wutar famfon ko rage ta domin sashen farko ya tsaya a kan bolt 0.45. Idan iska ta yi yawa, famfon zai yi ta kwashe oksijin. Idan mai ya yi yawa, zai shigo da oksijin don ya cinye ragowar man. Yawan wutar da famfon ya ci, wadda ba ta wuce 'yan miliamf ba, shi ne awon. Ta wannan dabara LSU 4.9 na iya karantawa daga lamda 0.65 har zuwa tsurar iska.

Awon ya dogara ƙwarai da zafi, don haka tana ɗauke da hita da ke riƙe ta a wajen digiri 780. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cire sensar kamfani a cusa wannan a soket ɗinta a yi tsammanin za ta yi aiki. Zaren dunƙulensu ɗaya ne, M18 da taki 1.5, sifana mai lamba 22 ce ke kwance su duka biyun, amma harshen da suke magana da shi daban ne. Dole sai da na'urar sarrafawarta, irin waɗanda kamfanonin Innovate Motorsports da AEM da Zeitronix ke yi, wadda ke fassara awon zuwa agogo a gaban direba, ko zuwa wutar bolt 0 zuwa 5 da kwamfutar saiti ke karɓa.

Maye gurbi ko ƙari

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, a cire ta kamfani, a ɗaura sabuwar a raminta, sannan a ɗauki wata waya daga na'urar sarrafawa mai kwaikwayon siginar tsohuwar a kai wa kwamfutar mota. Tana aiki, amma tana da ƙaya. Kwamfutar na lura da hitar tsohuwar sensa, in ta neme ta ta rasa sai fitilar gargaɗin inji ta kama; a motocin da ke da tsarin OBD-II, wanda ya zama tilas a Amurka tun 1996, lambar P0135 ce kan fito. Haka kuma duk ranar da na'urar sarrafawa ta samu matsala, injin ma ya shiga ruɗu.

Ta biyu ita ce a bar ta kamfani inda take, a huda bututu a yi waldar sabon mazauni. Ga motar da har yanzu ke amfani da kwamfutarta ta asali, wannan ta fi aminci nesa ba kusa ba, kuma kuɗin waldar bai kai ɓacin ran da take karewa ba. Maye gurbi kai tsaye ya fi dacewa da motar da aka sauya wa kwamfuta baki ɗaya. Yana da kyau kuma a bincika tukuna, domin motoci da yawa na zamani, ciki har da na Toyota da Volkswagen, da ma da mai faɗin zango suke zuwa a gaban matatar hayaƙi.

Wurin ɗaurawa na da ƙa'ida. Sai a gaban matatar hayaƙi, domin matatar na sauya hayaƙin. In akwai turbo, a bayansa, saboda zafi da matsin da ke gabansa na gurɓata awo. A ɗaura ta a saman bututu, ta karkata sama da aƙalla digiri 10, don kada ruwan da ke taruwa a salansa mai sanyi ya taɓa tangaran mai zafi ya tsaga shi. Saboda wannan dalili ma ba a so a kunna hitar a bar ta ta yi zafi kafin a tayar da inji. Ba a kuma barin ta cikin hayaƙi ba wuta, ƙazanta za ta toshe ta. Baƙin mai da inji ke ƙonawa, da ruwan lagireto, da gam mai silikon, da fetur mai dalma, duk guba ne gare ta.

Karanta awo

A injin fetur marar turbo, ƙarfi ya fi fitowa a wajen 12.5 zuwa 13.2 idan an taka totur duka. Masu turbo kan sauka zuwa 11 ko 12, domin rarar man na sanyaya silinda ya hana bugun da ke fasa fistin. Agogon na iya yaudara: ɓula a bututu kafin sensa kan shigo da iskar waje, fulogin da bai ba da wuta ba kan bar oksijin ya wuce bai ƙone ba, kuma a duka biyun agogo zai nuna mai ya gaza alhali ba haka ba ne. Wanda ya ƙara mai a kan wannan awo ya ƙara ɓata saiti.

Abin da sensar ke aunawa shi ne lamda, lambar 14.7 fassara ce kawai ta fetur. Daidaiton itanol tsantsa 9 ne, na cakuɗar itanol da fetur ta E85 kimanin 9.8, na iskar methan kuwa 17.2. Wannan ya shafi masu mayar da motoci kan iskar gas ta CNG, sana'ar da ta bunƙasa a Najeriya bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Agogon da aka saita a kan fetur zai ci gaba da nuna 14.7 a lamda 1 ko da gas motar ke sha, don haka ya fi sauƙi a juya shi ya riƙa nuna lamda kai tsaye.