Kazar Gobe: Yadda Kaza Ta Tashi Daga Tsakar Gida Ta Koma Kayan Masana'anta

A shekarar 1928, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, magoya bayan jam'iyyar Republican suka buga talla a jaridu suna alfaharin cewa mulkinsu ya sa kaza a tukunyar kowane gida. Mai karatu na yau zai yi mamakin yadda kaza ta isa a yi tinƙaho da ita a fagen siyasa, amma a wancan zamani namanta abincin ranar Lahadi ne da ranar baƙi. Matan manoma ne ke kiwon kaji a bayan gida saboda ƙwai, ba a kuma yanka sai tsohuwar da ta daina saka, ko zakarun da suka yi yawa. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san irin wannan zama, inda ba a taɓa kaza sai da dalili. Yau kuwa ana yanka kaji sama da biliyan 70 a duniya kowace shekara, kuma mafi yawansu ba su taɓa tona ƙasa ba.

Masu tarihin wannan sana'a sukan fara labarin ne daga garin Ocean View na jihar Delaware, a 1923. Wata mata mai suna Cecile Steele ta aika a kawo mata 'yan tsaki 50, sai mai ƙyanƙyasa ya aiko da 500. Ba ta mayar ba. Ta sa aka gina musu ɗaki, ta rene su da murhun gawayi, bayan kimanin mako 18 ta sayar da 387 da suka rayu a matsayin kajin nama, ta ci riba mai kauri. Zuwa 1926 tana da wurin da ke ɗaukar kaji 10,000, maƙwabta kuma sun bi sahu. Sai dai sa'ar mace ɗaya ba ta isa ta kafa masana'anta ba. Abin da ya taimake ta shi ne, shekara guda kafin nan masana sun gano bitamin D. Kazar da aka kulle ba ta ganin rana ƙasusuwanta kan lanƙwashe, amma da aka fara zuba man hantar kifi a cikin abinci, sai ya zama ana iya tsare ta a ɗaki rani da damina. Daga ranar da kaza ta daina bukatar rana, yawan da za a tara ya koma lissafin faɗin ɗaki da kuɗin tsaba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa sana'ar ƙarfi, domin gwamnatin Amurka ta ƙayyade naman shanu da na alade da kowane gida zai saya, ta bar kaza ba ƙaidi. Da yaƙi ya ƙare, sai 'yan kasuwa suka ji tsoron kada jama'a su koma wa jan nama, ganin kazar lokacin ƙashi ta fi yawa. Kamfanin A&P, wanda ya fi kowa yawan kantunan abinci a ƙasar, ya haɗa kai da ma'aikatar gona aka shirya gasa mai suna Kazar Gobe. An fara a jihohi a 1946, aka yi ta ƙarshe a Delaware a 1948. Masu kiwo 40 suka aiko da ƙwai, aka ƙyanƙyashe su wuri ɗaya, aka ba su abinci iri ɗaya na mako 12, sannan aka yanka aka auna. Abin da alƙalai suka duba shi ne faɗin ƙirji, kaurin cinya, da yawan naman da kowane mudun abinci ya haifar. Charles Vantress na California ya zo na ɗaya da kazar da ya samu ta hanyar haɗa iri biyu, gonar Arbor Acres ta Henry Saglio kuma ta yi fice da fararen kajinta. A riƙe waɗannan sunaye biyu, domin za su sake fitowa.

Ba a taɓa tambayar alƙalan ko kazar da suka zaɓa za ta iya tafiya da ƙafarta ba, kuma wannan ne, a ganina, babban giɓin da aka gina sauran tarihin a kansa. Shekara da shekaru ana zaɓen iri da ma'auni guda, wato saurin girma. A 1925 kazar nama a Amurka tana ɗaukar kwana 112 kafin ta kai kilo ɗaya da ɗoriya. Yau tana kusan kilo uku cikin kwana 47, da abincin da bai kai rabin na da ba a kan kowane kilo. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun gwada abin a fili a wani bincike da suka wallafa a 2014: suka rene irin 1957 da na 1978 da na 2005 da abinci ɗaya, a kwana na 56 na farko ya kai giram 905, na biyu 1,808, na uku 4,202. A nan ya kamata a gyara wata magana da ta yaɗu a kasuwanninmu, cewa allurar ƙiba ake yi wa kajin gidan gona. Girman yana cikin jininsu ne, kuma wannan ya fi allura nauyi, domin allura ana iya dainawa. Tsoka tana riga ƙashi da zuciya girma. Wani bincike na Jami'ar Bristol da ya fito a 2008 ya samu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kajin da aka duba a Birtaniya ba sa iya tafiya sosai tun suna kwana 40. Iyayen da ake ajiyewa don ƙwan ƙyanƙyasa kuwa dole a riƙa tauye musu abinci, in ba haka ba ƙiba za ta kashe su kafin su kai ga saka. An ƙera halittar da ƙoshi ke halaka ta, sai a raya ta da yunwa.

Ƙafa ta biyu da masana'antar ta tsaya a kai magani ne. A ƙarshen shekarun 1940, Thomas Jukes da Robert Stokstad na ɗakin binciken Lederle suna neman hanyar samar wa kaji bitamin B12 mai araha, sai suka ba 'yan tsaki tukar da ta rage bayan an tace maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Aureomycin. 'Yan tsakin suka yi girman da bitamin kaɗai ba zai bayar ba. Burbushin maganin ne ya yi aikin. An sanar da sakamakon a 1950, a 1951 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi ba tare da takardar likita ba. Ribar biyu ce: dabba ta yi saurin girma, sannan a iya cusa dubbai a ɗaki ɗaya ba tare da cuta ta share su ba.

Ƙwayar cuta kuwa ba ta zauna ba. In aka daɗe ana ba ta magani kaɗan-kaɗan, raunana su mutu, masu taurin kai su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Kwamitin Swann ya gargaɗi gwamnatin Birtaniya a kan haka a 1969. A 1976 likita Stuart Levy ya wallafa gwajin da ya yi a wata gona a Massachusetts, inda aka ba kaji abinci mai tetracycline: cikin mako guda ƙwayoyin hanjinsu suka daina jin maganin, cikin wata shida aka samu irinsu a hanjin mutanen gidan da ba su sha komai ba. Hukumar Amurka ta yunƙura ta hana a 1977, majalisa ta taka mata birki saboda matsin masu sana'ar. Suwidin ta hana a 1986, Tarayyar Turai a 2006, Amurka ba ta daina amfani da magungunan da mutane ke bukata don ƙara wa dabbobi ƙiba ba sai a Janairun 2017, shekara 40 bayan yunƙurin farko. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta cewa cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ba daidai ba ne a ɗora wa gidajen gona wannan adadi duka, domin asibitoci da masu sayar da ƙwaya a tire suna da nasu kason. Amma rijiya ɗaya ce kowa ke ɗiba.

Wadda ta fara tsayawa ta dubi abin ta fuskar dabbar ita ce Ruth Harrison, 'yar Ingila, a littafinta Animal Machines na 1964. Ta shiga ɗakunan kaji da na maruƙa ta bayyana abin da ta gani, hankalin jama'a ya tashi, gwamnati ta kafa kwamitin Farfesa Roger Brambell. Rahotonsa na 1965 ya nemi a bar wa kowace dabba wurin da za ta iya miƙewa, ta kwanta, ta juya, ta gyara jikinta, ta miƙe gaɓoɓinta. Ƙanƙantar wannan buƙata ita ke nuna inda aka kai. Duk da haka kejin kajin ƙwai, wanda rabon kowace kaza a cikinsa bai kai faɗin takardar A4 ba, bai haramta a Tarayyar Turai ba sai 2012. Hausawa na cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma Harrison ba hana yanka ta nema ba. Tambayarta ita ce wace irin rayuwa aka ba dabbar kafin wuƙa.

Ta ɓangaren mai saye, ana yawan cewa shi ya zaɓi araha, masana'anta ta bi shi. Tarihi bai goyi bayan wannan magana gaba ɗaya ba. A farkon shekarun 1960 mafi yawan kajin Amurka ɗungum ake sayar da su. Da kaji suka yi yawa har farashi ya faɗi, kamfanoni irin su Tyson, waɗanda suka riga suka mallaki ƙyanƙyasa da injin abinci da mayanka, suka bar wa manomi bashin gina ɗaki da kwasar kashi, sai suka koma yanyanka kaza suna sarrafa ta. A 1983 McDonald's ya baza Chicken McNuggets a faɗin ƙasar, ƙananan curin nama da aka tsoma a ƙullu aka soya. Mutanen da likitoci suka ce su rage jan nama saboda zuciya suka koma wa kaza, amma wadda aka cika da gishiri da mai. Su kuma da suka saba da ƙirji zalla, sai cinyoyi da fukafukai da ƙafafu suka zama rarar da dole a nema wa kasuwa a waje, a Rasha, da Sin, da gaɓar Afirka ta Yamma, inda rarar Turai da Barazil ma ke sauka. Yawancin kajin da ake ci a Gana yau daskararru ne daga waje. Nijeriya ta hana shigo da su tun farkon shekarun 2000, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ɗauko su daga Kwatano ba, a motocin da ba su da sanyi.

Tsarin da kansa ma ya iso ƙasar Hausa, da alherinsa da sharrinsa. Ba za a ƙi faɗin alherin ba: ƙwai ya shiga abincin ɗan talaka, mai shayi ya samu abin soyawa, matan aure da matasa da yawa sun samu sana'a da kaji ɗari a bayan gida. Sharrin ya bayyana a fili a watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kaji kusan 40,000 suka mutu a gonar, cutar ta bayyana a Kano da Filato, kafin wata ya ƙare ta tsallaka Magarya a Jamhuriyar Nijar. Tsuntsayen daji na iya kawo cuta, amma ɗakin da aka tara dubban kaji masu jini ɗaya shi ne busasshiyar ciyawar da wuta ke so. Akwai kuma abin da ba ya fitowa a labarai. Kowane maganin kaji yana da kwanakin da aka rubuta a jikinsa, waɗanda ya kamata a jira kafin a yanka ko a sayar da ƙwai. Ƙaramin mai kiwon da ya ci bashin abinci, ga Salla ta matso, da wuya ya zubar da kiret goma na ƙwai saboda rubutun jikin leda, mai saye kuma ba shi da hanyar ganewa.

Wannan mai kiwo ba shi da iko a kan irin da yake renon. Kazar Hausa tana kwanci ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta, ta gidan gona kuwa haɗin layuka huɗu ce da kamfani ke tsare da asalinsu, kuma ko an bar ta ta yi ƙwai, 'ya'yan ba za su yi kamarta ba. Saboda haka duk zagaye sai an koma an sayi sababbin 'yan tsaki, waɗanda akasari daga Ibadan ake loda su cikin kwali a yi kwana ana tafiya da su Arewa. Kakanninsu kuma daga hannun kamfanoni biyu suke fitowa, waɗanda ke riƙe da mafi yawan irin kajin nama na duniya. Ɗaya shi ne Aviagen, mai Ross da Arbor Acres. Ɗayan Cobb-Vantress ne, mallakar Tyson. Sunayen nan biyu da alƙalai suka kira a Delaware a 1948 su ne har yau a bayan 'yan tsakin da ake saukewa da asuba a Kano da Kaduna, yayin da kazar gida, wadda ta yi wata shida tana tono a bola da gindin rumbu, ta zama ita ce mai tsada a kan kowane kilo a kasuwa.